Ayan ɗin liƙi na Pinecil V2 bayan wata 14 a kan teburina

Shekara kusan shida na yi ina zargin hannuna. Duk fanel ɗin da na taɓa, wato allon da ake liƙa kayan lantarki a kai, sai ya fito kamar kaji sun yi tono a kai: dalma ta dunƙule a nan, ta yi baƙi a can, wani wurin ma jan ƙarfen da ke manne da fanel ɗin ya ɗago kamar ɓawon gyambo. Har na riga na sallama cewa ni dai Allah bai ba ni hannun aikin ba, sha'awar kawai ya ba ni. Abin da nake aiki da shi a lokacin wani ayan ne mara suna, irin wanda ake cusawa a soket a zauna jira. An rubuta wat 40 a jikinsa, ba shi da maɓallin ƙari balle na ragi. Ka jona shi ka tafi ka yi wata hidimar, ka dawo ka tarar ya yi zafi, ya kuma ci gaba da yin zafin har bakinsa ya koma launin toka. Dalma ta taɓa shi sai ta mirgine ta faɗi, kamar ruwa a bayan agwagwa.

Ni ba mai gyara ba ne, ba da wannan nake ci ba. Da daddare ne in gida ya yi tsit nake jawo kujera gaban wani ɗan tebur, in haɗa agogo mai ƙwayayen fitila, ko ƙaramar amfilifaya, ko in buɗe wani abin wasan yara da ya daina motsi in ga me ya same shi. Don haka abin da zan faɗa a kan Pinecil V2 maganar mai yi don nishaɗi ce, wanda yake kunna shi kamar sau uku ko huɗu a mako, ba maganar wanda yake wuni da shi a hannu ba.

Kamfanin Pine64 ne yake yin sa, waɗanda aka fi sani da ƙananan kwamfutoci masu fanel ɗaya da wayar PinePhone. Na farkon ya fito a 2020, wannan na biyun kuma a 2022. Ana gane na biyun da koriyar robar da ke wurin riƙo, na farkon shuɗiya ce. Girmansa kamar alƙalami mai ɗan kauri, nauyinsa bai kai giram 30 ba har da bakin. Yana da ɗan allo siriri mai nuna zafi, maɓallai biyu, da ƙofofin wuta biyu a gindi: ɗaya USB-C irin ta wayoyin yanzu, ɗayar kuma zagayayyiya irin ta tsofaffin cajojin laftof, mai karɓar bolt 12 zuwa 24. Ba a jona biyun a lokaci guda, masu shi sun ja kunne a kan haka.

Ranar da ya iso na buɗe kwalin, ayan ne da baki ɗaya, shi ke nan. Babu caja, babu waya, babu abin ɗora shi. Sun rubuta hakan ƙarara a bayanin kayan, ni ne ban tsaya na karanta da kyau ba saboda zumuɗi. Sai na zare cajar wayata na jona. Allon ya kawo haske, lambar zafi ta fara hawa, amma hawan wahainiya. Da ƙyar ta kai inda na sa ta, kuma ina ɗora bakin a kan wata ƙafar kafasita, ƴar na'urar nan mai ajiye wuta, sai lambar ta rufto ƙasa, dalma ta kama bakin ayan ɗin ta riƙe gam. Na zauna ina kallonsa, raina a ɓace, ina cewa wato wannan ne abin da ake ta kurantawa?

Laifin cajar ne, kuma lissafinsa ba wuya. Abin da ke ɗumama bakin ayan ɗin waya ce mai turjiya, ta gajeren bakin da ke zuwa da V2 om 6.2 ce (om shi ne ma'aunin turjiya). Ƙarfin da zai samu shi ne bolt sau bolt a raba da wannan turjiyar. Cajar tawa iyakarta bolt 9, wato kusan wat 13 ke nan, bai ma kai rabin na tsohon ayan ɗin da na raina ba. In caja ta ba da bolt 15 ana samun wajen wat 36. In ta ba da bolt 20 sai a tashi da wat 64 da ɗoriya. Ka ga daga 9 zuwa 20 bolt ɗin ya ninka sau biyu da kaɗan, amma ƙarfin ya ninka kusan sau biyar. Da na samo cajar laftof mai wat 65 wadda take iya ba da bolt 20 ta tsarin cajin da ake kira USB PD, sai na ga kamar an sauya mini kaya. Na danna maɓalli, na miƙa hannu zan warware dalma daga ƙullinta, kafin in juyo ya kai digiri 320. Na sha gwadawa ina ƙirge, bai taɓa kai mini daƙiƙa 10 ba.

Saboda haka duk wanda zai saya, ya fara duba bayan cajarsa ya karanta ƙananan rubutun nan da ba wanda yake karantawa. In bai ga 20V a jerin ba, to ya san rabin kaya ya saya. Babbar lambar wat da ake bugawa a gaban kwalin caja ba ita ce magana ba, don wasu cajojin wayoyi suna kai wannan lambar ne ta wani tsari na kamfaninsu kawai, wanda ayan ɗin bai san da shi ba.

Saurin zafin ma ba shi ya fi burge ni ba, don mai nishaɗi ba sauri yake yi ba. Abin da ya sauya mini aiki shi ne yadda yake riƙe zafin. A tsohon ayan, abin ɗumamawar yana can ciki, bakin kuma ƙarfe ne daban da aka zura, babu abin da yake auna komai. Ka taɓa wuri mai jan ƙarfe da yawa, wurin ya zuƙe zafin bakin, ka tsaya kana danna shi kana jira, kafin zafi ya dawo man liƙi, wanda ke taimaka wa dalma ta kama, ya ƙone, gam ɗin da ke riƙe da jan ƙarfen ya saki. Ka taɓa ƙaramin wuri kuma bayan ayan ya daɗe a ajiye, zafin ya yi masa yawa. A Pinecil abin ɗumamawa da abin awon zafi duk suna cikin bakin kansa, dab da tsinin. Da zarar fanel ya sha zafi, na'urar ta ji, ta turo wuta nan take. Za ka ga lambar ta ɗan girgiza da digiri kaɗan ta koma. Wannan ne ya sa na gane cewa mafi yawan ɓarnar da na yi a baya daɗewa a kan wuri ce ta jawo ta, ba rawar hannu ba. Liƙi mai kyau daƙiƙa biyu ne zuwa uku. Wanda ya kai goma yana danna ayan a wuri ɗaya, to akwai abin da bai yi daidai ba, kuma ba hannunsa ba ne.

Bari in kwatanta yadda nake liƙa ƙaramar razista, ƴar na'urar da ke rage ƙarfin wuta, irin wadda ba ta da ƙafafu, wadda ake kwantarwa a saman fanel, don a nan ne na fi ganin amfaninsa. Girman da ake kira 0805 tsawonsa milimita 2 ne, faɗinsa 1.25, bai kai kan ashana ba. A fanel akwai ƴan mazaunai biyu na jan ƙarfe suna jiran ta. Nakan fara ɗiga dalma kaɗan a kan mazauni ɗaya tak, na dama tunda da dama nake riƙe ayan. Sai in ɗauko razistar da hantsaki a hannun hagu, in kafa gefen tafin hannuna a kan tebur don kada ya yi rawa, in sake narkar da dalmar nan, in zuro razistar daga gefe ta shige cikin narkakken. Sai in janye ayan, hantsakin kuma ya ci gaba da riƙewa kamar numfashi ɗaya, har dalmar ta daskare. In ka saki da wuri sai ta bi bakin ayan ta tafi, ko ta miƙe tsaye da ƙafa ɗaya. Daga nan in juya fanel, in taɓa ɗaya ɓangaren, bakin ayan yana taɓa mazauni da gefen razista tare, dalma ta shigo ta ɗaya gefen. Da ta ji zafi za ka ga ta malale da kanta ta hau jikin razistar, ta yi wani lanƙwasa mai santsi kamar gangaren tudu. In ka ga haka ka gama. In ka ga ta tsaya curi kamar ƙwallo, ba ta kama ba, ko da ido ya nuna maka ta kama.

Gajartar bakin tana taimakawa ƙwarai a wannan aikin. Tazarar da ke tsakanin yatsuna da tsinin ba ta da yawa, sai ka ji kamar rubutu kake yi. Tsohon ayan kuwa kamar a ce ka yi rubutu da sanda kana riƙe da ƙarshenta.

Yanzu har 0603 nake liƙawa ba fargaba, mai milimita 1.6 da 0.8. Na gwada 0402, mai tsawon milimita 1 da faɗin rabin milimita, na liƙa guda shida na ce na yafe. Ayan ɗin zai iya, idona ne da haƙurina suka gaza. Ga shi in ka matse hantsaki fiye da kima sai ka ji ƙas, ta yi tsalle, ba za ka sake ganin ta ba har abada. Wata rana na fi minti 20 a durƙushe da tocilan ina neman wata kafasita ƴar mitsitsiya wadda ita kaɗai ta rage mini, ashe tana maƙale a hannun rigata. Tun daga ranar in ana buƙatar biyu nake sayen goma.

Maganar baki kuma, a nan ma na yi wauta irin ta sabon shiga. Na ɗauka ƙaramin aiki sai siririn baki, don haka na sayo wani mai tsini kamar allura. Shi ne mafi rashin amfani a cikin duk waɗanda nake da su. Tsinin allura ba shi da faɗin da zai miƙa zafi, allo yana nuna maka 330 amma ainihin wurin da ya taɓa fanel bai kai ba, dalma ta gudu ta hau can saman bakin ta bar tsinin a bushe. Bakin da ke zuwa da ayan ɗin mai siffar tsinin fensir ne, yana yin aiki daidai gwargwado. Amma wanda ya zauna a jikin nawa kusan kullum shi ne D24, mai faɗin milimita 2.4, fasalin bakin sukundireba. Faɗinsa na manyan ƙafafu, kusurwarsa ta ƙananan kaya. Sai BC2, wanda aka yanke a karkace kamar kofato, na ajiye shi don aisi, wato ƴan ƙwaƙwalen lantarki, masu ƙafafu da yawa. Wani abin daɗi shi ne bakunan ayan ɗin TS100 na kamfanin Miniware suna shiga jikinsa, ba sai ka tsaya neman nasa kaɗai ba. Waɗancan dai sun fi tsawo kuma turjiyarsu om 8 ce, don haka a bolt 20 wat 50 za su ba ka. Sukuru ɗan ƙarami ne yake riƙe bakin, in za ka sauya ka kwance shi a kan farin ƙyalle, don in ya faɗi ƙasa ya bi sahun kafasitata.

Kada a kankare bakin da magagari ko samfefa. Na kashe bakunan tsohon ayan da yawa ta haka, ina ganin gyara nake yi. Cikin bakin jan ƙarfe ne, an lulluɓe shi da siririn baƙin ƙarfe, kuma wannan lulluɓin ne yake hana narkakkiyar dalma cinye jan ƙarfen. Ka kankare shi, cikin ƴan kwanaki rami ya fito. Soson tagulla ya ishe ka, ka soka bakin sau biyu ka zare. Kuma kafin ka kashe ayan ka ɗora masa dalma mai yawa ka bar ta ta daskare a kai, ita za ta tare iska. D24 ɗina yana nan yana ƙyalli bayan shekara guda da ɗoriya, da wannan ɗabi'ar kawai.

Da yake yanzu ina iya zaɓar zafi, sai dole ta sa na koyi abin da nake narkarwa. Wayar da muke kira dalma gauraye ce. Wadda na fi so kuza ce kashi 63, dalma ta ainihi kashi 37. Tana narkewa a digiri 183 cif, ta kuma daskare nan take ba tare da ta tsaya tsaka-tsaki ba. Mai 60 da 40 tana ɗan yin laushi kamar laka na wasu digirori kafin ta daskare, in ka motsa a wannan taƙin liƙin ya fito dusu-dusu. Akwai kuma wadda ba dalma a cikinta ko kaɗan, kuza ce da ƴar azurfa da jan ƙarfe, wadda take narkewa a wajen digiri 217 zuwa 220. Tun da dokar RoHS ta Tarayyar Turai, mai taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki, ta fara aiki a watan Yulin 2006, yawancin kayan lantarkin da ake ƙerawa da irin wannan ake liƙa su. Shi ya sa in ka buɗe sabon kaya za ka ga liƙinsa yana gardama, bai narkewa da wuri kamar na tsohuwar rediyo. Dabarar da ke yi mini aiki ita ce in ƙara masa ƴar dalmata mai 63, su gauraya, sai ya saki. Nakan sa ayan a 320 in da mai dalma nake aiki, 350 zuwa 360 in da ɗayar ce. Yana iya haura 400, amma ban ga abin da zai kai ni can ba sai ƙona baki.

Na taɓa sayen wani ƙullin dalma mara suna, an rubuta 63 da 37 a takardarsa. Ƙarya ce tsagwaronta. A 320 sai ta yi kamar danƙo, ta daskare da fuska kamar an barbaɗa toka. Kwana biyu ina zargin ayan, har na fara tunanin awon zafinsa ya lalace, sai da na koma kan ragowar tsohon ƙullina na ga komai lafiya. Wanda zai kashe kuɗi a kan ayan mai kyau kada ya yi ƙwauron dalma. Kaurin da ya fi mini daidai milimita 0.5 ne zuwa 0.6 ga ƙananan kaya. Mai milimita 1 tana zubo da yawa a taɓi ɗaya.

Aikin da ya sa na yarda da wannan ayan har zuciya shi ne ranar da na liƙa wani aisi mai suna ATmega328P, irin mai murabba'in nan mai ƙafa 32, takwas a kowane gefe, tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 0.8. Da can ko a mafarki ba zan taɓa shi ba. Na daidaita shi a kan mazaunansa ina leƙawa ta gilashin ƙara girma, na tabbatar ɗigon da ke kusurwarsa yana inda ya kamata, na kama ƙafa ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a kusurwar da ke fuskantarta. Sai na shafe layin ƙafafun da man liƙi har suna walƙiya, na ɗora ɗigon dalma a kan kofaton BC2, na ja shi a hankali a kan ƙafafu takwas ɗin a tafiya ɗaya. Abin kamar almara. Kowace ƙafa ta ɗebi rabonta, dalma ta ƙi zama a kan koren fentin da ke tsakani. A gefe na uku ne biyun ƙarshe suka haɗe, dalma ta yi musu gada. Gabana ya faɗi, amma gyaran bai ɗau minti ɗaya ba: na ƙara mai, na ɗora lagwanin jan ƙarfe, wannan saƙaƙƙiyar wayar mai shan dalma, na danna ayan a kai, ya tsotse rarar kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Na wanke wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da mitar awon wuta, babu wadda ta taɓa maƙwabciyarta. Da na jona wuta ƙwan fitilar ya fara ƙiftawa, ni kaɗai a ɗaki na kama dariya.

Man liƙin nan shi ne sirrin rabin aikin, kuma ba ya zuwa a kwalin kowane ayan. Akwai kaɗan a cikin wayar dalma, amma yana ƙonewa cikin daƙiƙu. Duk lokacin da liƙi ya yi maka taurin kai, ƙara mai ya fi ƙara zafi.

Manhajar da ke tafiyar da ayan ɗin sunanta IronOS, buɗaɗɗiya ce, Ben Brown ne ya faro ta don TS100 kafin ta zo nan. Ƙwaƙwalwar V2 kuma BL706 ce, ta tsarin RISC-V, har da Bluetooth a ciki. Gaskiya ban taɓa amfani da Bluetooth ɗin ba, ban kuma ga ranar da zan buƙaci waya ta gaya mini zafin abin da ke hannuna ba. Abin da nake mora kullum shi ne barcinsa. Akwai abin jin motsi a ciki, in ka ajiye shi na ɗan lokaci sai ya sauke zafi da kansa, ka ɗaga shi ya farka ya koma inda yake kafin ka kai shi kan fanel. In ka daɗe ba ka taɓa shi ba ya kashe kansa gaba ɗaya. Mutumin da ya taɓa kwanciya ya tuna da tsakar dare cewa ya bar ayan a kunne, shi ya san darajar wannan. Ana kuma iya juya rubutun allon don bahago. Saitin da maɓallai biyu kawai ake yin sa, a makon farko na riƙa ɓata a ciki, ina danna gaba in wuce abin da nake nema in sake zagayowa. Sau ɗaya dai ake wahalar, ka daidaita ka manta. Allon ƙarami ne, lambar zafi tana fitowa da girma, amma rubutun saitin sai na sa tabarau.

Rashin nauyin da na yaba yana da nasa sharaɗin. Wayar cajar da na fara amfani da ita mai tauri ce, ta fi ayan ɗin nauyi, sai ta riƙa jan sa. Wata rana na ajiye shi a gefen tebur, wayar ta ja shi ya mirgino, ni kuma hannu ya riga tunani, na cafke. Allah ya taimake ni gefen bakin ne ya shafi ɗan yatsana, amma sai da na yi mako da bororo. A faɗuwar kuma bakin ya taɓa wayar, robarta ta narke har ana hango abin da ke ciki. Abu biyu na saya washegari: waya mai rigar silikon, wadda take da laushi kuma ba ta narkewa da ɗan taɓi, da mazaunin ayan mai nauyi a gindi. Waɗannan ba kayan ƙawa ba ne, a lissafa su cikin sayayya tun farko. Darasin da ɗan yatsana ya koya shi ne in ayan ya faɗi a bar shi ya faɗi.

Hayaƙin da ke tashi, mutane da yawa suna ɗauka dalma ce take ƙonewa. Ba ita ba ce, dalma ba ta tafasa sai zafi ya haura digiri 1,700. Man liƙi ne, wanda asalinsa ƙaron itacen fayin ne, kuma yawan shaƙarsa yana iya jawo asma. Ƙamshinsa yana da daɗi, wannan ne ma haɗarinsa. Na ajiye ƴar fankar tsohuwar kwamfuta a gefe tana janye shi daga fuskata, taga kuma a buɗe. Ita dalmar ta hannu take bi ta shiga baki, don haka ba na cin komai a teburin, ina tashi sai sabulu. Ƴan ɓarɓashin da ke taruwa a soso nakan tattara su in ɗaure, saboda akwai mai rarrafe a gidan.

Akwai inda ya tsaya, kuma ba aibi ba ne, girmansa ke nan. Na gwada cire wata babbar kafasita daga fanel ɗin kwamfuta mai hawa-hawa, wanda shimfiɗar jan ƙarfe ke cikinsa tana shanye zafi. Sai da na sa baki mafi faɗi, na ƙara dalma, na ɗan ɗumama fanel ɗin tukuna kafin ta fito. Aisi ɗin da ƙafafunsu ke ƙarƙashin cikinsu kuwa ba aikin kowane ayan ba ne, na'urar hura iska mai zafi suke so. Wanda kuma zai wuni yana liƙi daga safe zuwa dare, zai fi jin daɗin babbar na'urar tebur mai mazauninta da wutarta a haɗe, irin su Hakko. Amma ga mai ɗan tebur a lungun ɗaki, wanda in ya gama sai ya tattara komai ya zuba a aljihun tebur saboda yara, ban san abin da ya fi wannan dacewa ba. Da fawa bank mai ba da bolt 20 na taɓa liƙa wayar lasifikar mota ina zaune a cikin motar, abin da tsohon ayan ba zai taɓa yi ba. A dai kula wurin saye, don akwai na jabu masu kama da shi a kasuwannin intanet. Ta hannun kamfanin ko dillalan da ya amince da su ya fi kwanciyar hankali.

Tsohon ayan yana nan ban jefar ba, da shi nake huda roba in zan yi wa wani aiki akwati. Fanel ɗin farko da na lalata da shi ma yana cikin aljihun tebur, wata ƴar da'ira ce mai aisi 555 da ya kamata ta riƙa ƙifta fitila, ba ta taɓa ƙiftawa ba. Makon jiya na ɗauko ta na duba da gilashi: ƙafa ta 4 ba ta kama ba sam, dalmar zaune take a kanta kamar hula, ga layi ɗaya da ya tsinke inda na ƙone shi. Na shafa mai, na taɓa ƙafar da D24 daƙiƙa biyu, na ɗinke layin da silin waya ɗaya, na jona batir mai bolt 9. Tana can kan teburin tana ƙiftawa, ɗiyata ta hana a cire batirin.